Yadda zaka gyara dek ɗinka na Yu-Gi-Oh idan Konami ta sako sabon banlis

Indai kana buga Yu-Gi-Oh, ko da katin takarda ne ko a waya ta Master Duel, ba makawa wata rana zaka wayi gari ka tarar Konami, kamfanin da ke yin wasan, ta sako sabon banlis, katin da ka daɗe kana tara jem, wato kuɗin cikin wasan, kafin ka haɗa shi an ce guda ɗaya kawai za'a riƙa sawa, ko ma an haramta shi kwata-kwata. Abinda mafi yawan mutane keyi a ranar shine su zazzagi kamfanin, su farfasa dek ɗin cikin fushi, su kwashi abinda suka samu su zuba a sabon dek ɗin da ake yayi, wanda shima ba daɗewa wuƙar zata biyo ta kansa. Ni dai a ganina yawancin dek ɗin da ake cewa sun mutu ba mutuwa sukayi ba, masu su ne basu zauna sunyi lissafi ba.

Ga sabon shiga, abin a taƙaice haka yake: dek kati 40 ne zuwa 60, Extra Deck, wato tarin gefe na dodannin da ake haɗawa, bai wuce 15, kuma kowane kati kana iya sa guda uku. Banlis shine jerin katunan da aka rage musu wannan ukun. Wanda aka rubuta wa Forbidden haramun ne, ko ɗaya baka sawa, Limited guda ɗaya, Semi-Limited guda biyu. Kuma adadin ya haɗa dek ɗinka duka ne har da Side Deck, wato katunan da kake ajiyewa a gefe don sauyawa tsakanin karo da karo, ba wai ka sa ɗaya nan ka ɓoye ɗaya can ba.

Dalilin da yasa wannan wasan ya dogara da banlis fiye da takwarorinsa shine babu ritaya. A Pokémon ko Magic akwai tsarin gasar da tsofaffin katuna ke fita da kansu bayan wasu shekaru, amma a Yu-Gi-Oh katin da aka buga a Japan tun 1999 har yau yana da damar shiga fili indai ba'a haramta shi ba, ga katunan sun haura dubu goma, ga shi babu wani kuɗin shiga da kake tarawa zagaye-zagaye kafin ka ajiye babban kati. To sai sabon kati ya haɗu da wani tsohon da kowa ya manta dashi su zama bala'i. Sannan kada mu yaudari kanmu, Konami 'yar kasuwa ce, idan tsohon dek ya ƙi sauka daga sama wa zai sayi sabon fakiti?

Mataki na farko, ka tabbatar wane banlis kake kallo

Nan ne ake fara yin shirme. Ba banlis ɗaya bane. Akwai na OCG wanda ake bi a Japan da wasu ƙasashen Asiya, shi yana fita a kan lokaci, Janairu, Afrilu, Yuli da Oktoba. Akwai na TCG, na Amurka da Turai da sauran wurare, shi kuma baida tsayayyar rana, sai dai kawai ka ganshi. Da can jeri ɗaya suke bi, a Satumban 2013 aka raba gari. Master Duel da ya fito a Janairun 2022 yana da nasa daban, Duel Links, wani wasan waya na Yu-Gi-Oh, shima haka.

Bambancin kuma ba ɗan kaɗan bane. Ɗauki Maxx "C", katin da zaka jefar daga hannu sai ka riƙa jan kati duk lokacin da abokin karawarka yayi kiran musamman, wato Special Summon, fito da dodo ta hanyar da ba ta yau da kullum ba, a wannan zagayen. A TCG tun 2018 aka haramta shi, amma a Japan da Master Duel an kwashe shekaru ana jibgar mutane dashi. Kaga kenan wanda ya kalli bidiyon Bature ɗan TCG a YouTube yana ihun an kashe kati kaza, ya ruga ya farfasa nasa a Master Duel, ya cuci kansa a banza.

Na Duel Links kuma ma'anarsa ma daban ce. Can idan akace Limited 2 ba ana nufin kowane kati biyu-biyu ba, ana nufin a duk katunan da ke cikin wannan rukunin guda biyu kacal zaka ɗauka a haɗe. Ka duba cikin manhajar da kake bugawa, wajen sanarwa, ko ka sauke Neuron, manhajar Konami ce ta katin takarda. Ka kuma duba ranar da dokar zata fara aiki, don ana sanarwa ne kafin ranar.

Mataki na biyu, ka gane wace gaɓa aka sara

Buɗe dek ɗinka ka ware katunan gida-gida. Akwai masu tada kombo, waɗanda idan ɗaya ya zo hannunka wasa ya tashi. Akwai masu ƙara masa tsawo ko su cece ka idan an katse ka. Akwai manyan dodannin da kake ƙarewa dasu a fili. Sai katunan kowa-da-kowa, irinsu Ash Blossom, Effect Veiler, Infinite Impermanence, Nibiru, waɗanda basu da dangi, kowane dek na ɗaukarsu. Yanzu ka duba wanda aka taɓa a wane gida yake, domin maganin kowanne daban.

Idan mai tada kombo aka rage daga uku zuwa ɗaya, dek ɗinka na nan da ƙarfinsa, abinda ya ragu shine sau nawa zai tashi. Wannan lissafi ke gyara shi, zamu zo wajen.

Idan dodon ƙarshe aka haramta, musamman na kowa-da-kowa, to ba kai kaɗai aka daka ba. A Afrilun 2024 TCG ta haramta Baronne de Fleur da Borreload Savage Dragon a rana ɗaya, duk mai iya haɗa Synchro, wani nau'in dodon Extra Deck, ya rasa su, kenan kai ka rage ƙarfi amma wanda zaka kara dashi ma ya rage. Ka nemi wani dodon ka cike gurbin kawai.

Mai zafin shine idan aka cire katin da duk hanyoyin dek ɗin ke bi ta kansa. Misalin da ba'a mantawa shine Tearlaments a Fabrairun 2023 a TCG, aka haramta Kitkallos, aka maida Havnis da Merrli da Scheiren ɗaya-ɗaya, sannan aka bi katunan Ishizu guda huɗu da suke tafiya tare, Agido, Kelbek, Keldo da Mudora, suma ɗaya-ɗaya. Idan kaga an yiwa dek irin wannan rubdugun, kamfani na faɗa maka ne a fili cewa ya isa haka. Haka aka yiwa dek ɗin Performapal da Performage a Fabrairun 2016, da aka sako jerin gaggawa aka haramta Monkeyboard da Plushfire tun dek ɗin bai gama shan iska ba. A irin wannan kam ba laifi ka fara tunanin ƙaura.

Mataki na uku, lissafin da mutane ke gudu

Wanda ya fara wasa kati biyar ne a hannunsa kuma baya jan kati a zagayen farko, haka dokar take tun 2014. Wanda ya biyo baya yana ganin shida. To a dek mai kati 40, idan kana da kati guda uku, damar kaga aƙalla ɗaya cikin biyar ɗin farko wajen kashi 34 cikin ɗari ce. Idan biyu ne ta koma wajen 24. Idan ɗaya ne, 12.5. Kallon farko zakace an gama dakai, daga 34 zuwa 12.5.

Amma ai ba kati ɗaya ke tada maka wasa ba. Abinda zaka ƙirga shine jimillar duk katunan da ke iya tada kombo ɗinka, har da masu nemo su daga dek. Mu ɗauka tara kake dasu. Ɗauko kalkuletar wayarka ka buga 31/40 × 30/39 × 29/38 × 28/37 × 27/36, zai baka wajen 0.26, wannan shine damar ka ɗebi biyar babu ko ɗaya a ciki, kenan kashi 74 na wasanninka zaka tashi lafiya. Yanzu an rage maka guda biyu, saura bakwai, sai ka fara daga 33/40 × 32/39 haka har sau biyar, zai baka 0.36, kenan ka dawo kashi 64. Asarar maki goma ce, tana da ciwo amma ba mutuwa bace, kuma idan ka samo wasu katuna biyu masu irin aikin ko da basu kai na da daɗi ba, ka koma inda kake. Mai guda 12 yana wajen kashi 85, shi yasa zakaga gwanaye na ta cusa masu tada wasa har sai sun kai nan.

Wani abu kuma, indai kana da kati 43 ko 45 saboda akwai katunan da kake ƙauna baka son cirewa, yau ce ranar da zaka daure ka dawo 40. Kati ɗaya tilo a dek mai 60 damarsa wajen kashi 8 ce kawai. Sai dai idan dek ɗinka irin wanda yake son yawa ne da gangan, wannan maganarsa daban.

Mataki na huɗu, cike gurbi

Fara da masu nemowa. Idan katin da aka rage Warrior ne mai mataki 4 ko ƙasa, Reinforcement of the Army na ɗauko shi. Idan Field Spell ne akwai Terraforming. Amma irin waɗannan su kansu kullum suna bakin wuƙa, ka duba matsayinsu a naka jerin kafin ka sa rai.

Sai ka kula da tarkon da kati ɗaya tilo ke zuwa dashi. Da kana da uku, in an kore ɗaya daga wasa ko oho. Yanzu da ya zama ɗaya, Pot of Desires da kake sawa ya zama abin tsoro, don kati goma yake kwashewa daga saman dek ya kore su a kife kafin ya baka biyu, in ɗan tilon naka na ciki shikenan ka yanka kanka da hannunka. Haka Called by the Grave na abokin karawa, yana tsince shi daga maƙabarta, inda katunan da aka gama dasu ke taruwa, ka zauna kana kallo. Don haka ka tambayi kanka, in wannan katin ya tafi ina da hanya ta biyu? In babu, gurbin da ya samu hanya ta biyu zaka sa a ciki, ba wani dodon ado ba.

In kuma duk ka duba babu abin sawa, ka cike da katunan katse kombo na hannu. Basa taɓa zama asara.

Mataki na biyar, ka karanta rabin jerin da ba naka ba

Kowa sunan katinsa yake nema, ya gani ya rufe. Alhali abinda aka yiwa sauran dek ɗin ya shafe ka kusan daidai da naka. Idan dek ɗin da ke cin ka kullum an karya shi, katunan da ka tanada musamman dominsa sun zama kaya, cire su. Idan aka haramta kati irin Mystic Mine, wanda TCG ta kawar a Disambar 2022 bayan ya daɗe yana hana dodanni motsi, to ka sake duba yawan katunan fasa Spell da Trap da kake ɗauka saboda shi. A katin takarda Side Deck ne ke shan wannan gyaran. A Master Duel kuwa wasan hawa matsayi karo ɗaya ne babu Side Deck, dole maganin ya zauna cikin 40 ɗin, shi yasa can zaɓen yafi wuya.

Sannan ƙasan jerin akwai waɗanda aka sako daga kurkuku, kuma nan mutane ke ruɗewa da suna. Yata-Garasu misali ne mai kyau. Ɗan tsuntsu ne mai ƙarfin hari 200 kacal, amma idan ya taɓa makin ranka baka jan kati a zagaye na gaba, shi kuma ya koma hannun mai shi ya sake dawowa. A 2004 abinda akeyi shine a ajiye Sangan a fili, a kira Chaos Emperor Dragon, a biya maki 1000 ya share duk abinda ke hannu da fili na kowa, Sangan na faɗawa maƙabarta sai ya nemo Yata, a ajiye shi ya kai hari. Kai babu kati a hannu, babu a fili, kuma an hana ka ja, haka zaka zauna ana tsakurarka 200-200 har ka miƙa wuya. Saboda haka aka haramta shi a shekarar. Da aka sako shi a TCG a 2022 fa? Ba abinda ya faru, wasan yayi gudun da tsuntsun bazai iya kamo shi ba. To kada kaji an saki wani tsohon dodo ka kwashi CP, makin da ake ƙera kati dashi a Master Duel, ka ƙera shi a daren, jira kaga ko masu cin gasa sun kula shi. Pot of Greed kuwa da rubutunsa bai wuce ka ja kati biyu ba, tun wajen 2005 yake ɗaure a TCG, saboda babu dek ɗin da zai ƙi shi kuma babu abinda kake biya.

Mataki na shida, sake karanta rubutun katin da kuma dokar fili

Wani lokacin ba adadi ake taɓawa ba, rubutun ake canzawa. Chaos Emperor Dragon ɗin nan da ya dawo, an ƙara masa sharaɗin cewa a zagayen da kayi amfani da ikonsa baka kunna wani kati ko wani iko. Sangan ma an ɗaure shi, sau ɗaya a zagaye, kuma katin da ya nemo maka baka kunna ikonsa a wannan zagayen. Firewall Dragon haka, sai da aka sake masa rubutu kafin ya fito. Kuma ko tsohon bugu ne a hannunka mai tsohon rubutu, a gasa sabon rubutun ne ke aiki, alƙali bazai saurari "ai ga abinda aka rubuta a nawa" ba.

Canjin dokar fili yafi wannan girma amma baya zuwa sosai. A 2017 da aka kawo Link, sabon nau'in dodo mai kibiyoyi, aka ce duk dodon da zai fito daga Extra Deck sai dai ya sauka a sabon gurbin tsakiya ko inda kibiyar Link ta nuna, dek ɗin Synchro da Xyz da yawa suka durƙushe a dare ɗaya ba tare da an haramta musu kati ko ɗaya ba. Ranar 1 ga Afrilu 2020 aka sassauta, Fusion da Synchro da Xyz suka koma sauka duk gurbin da suke so, aka bar takunkumin kan Link da Pendulum. Waɗanda suka adana katunansu a waɗannan shekaru ukun sun dawo sun ci moriya. In irin wannan canjin ya zo, ka shimfiɗa katunanka ka bi kombo ɗinka a hankali kana duba ina kowane dodo zai zauna, tun kafin ka cire ko ka sayi komai.

Mataki na bakwai, sai yanzu ake maganar farfasawa

A Master Duel ƙera kati CP 30 ne, farfasa shi kuma 10 yake baka, kuma kowane ajin darajar kati da nasa CP, na ajin UR baya ƙera katin ajin SR. Amma idan aka ƙara wa kati takunkumi suna bada ƙari na ɗan lokaci yadda zaka maida 30 ɗinka cif a kan kwafin da aka rage. Shi yasa gaggawa ke da tsada, wanda yaji jita-jita ya farfasa kafin lokacin ƙarin 10 zai samu. Ka karanta sanarwar kaga ranar farawa da ranar rufewa, ka farfasa rarar da bazaka iya sawa ba kawai, sauran dangin dek ɗin da ba'a taɓa ba ka barsu, su babu ƙari a kansu kuma jerin gaba na iya dawo dasu. Wasu katunan ma basa farfasuwa, irin waɗanda ake samu kyauta a Solo, ɓangaren da kake karawa da kwamfuta.

CP ɗin da ka samu kuma, in baka da cikakkun katunan kowa-da-kowa, can zaka fara kaishi kafin wani sabon dek. Dek na zuwa yana wucewa, amma Infinite Impermanence ɗinka zai bi ka duk inda ka koma.

Mai katin takarda kuma ya sani farashi na faɗuwa ne tun a sa'o'in farko, wanda aka sako kuma ya haura sama. Ranar banlis ba ranar saye bace ba ranar sayarwa bace.

Mataki na takwas, gwaji

Ka jera sabon dek ɗin ka riƙa ɗiban biyar-biyar kai kaɗai, kana rubuta sau nawa ya tashi, sau nawa ya tashi ko da an jefa maka Ash Blossom a kan katin farko, sau nawa kuma ka ɗebo bulo zalla, wato katunan da basa tada wasa. Yi da yawa, hannu biyar ko shida basa nuna komai. Bayan nan ka shiga ɗakin wasa da aboki ko Solo kafin ka kai shi wasan matsayi, kuma kada ka canza kati biyar a lokaci ɗaya don bazaka san wanne ya gyara wanne ya ɓata ba. Makon farko bayan sabon jeri dama hargitsi ne, kowa na gwaje-gwaje, sakamakon da ka samu a ciki kada ka ɗauke shi da zafi.

In kuma tsakaninku ne kawai da abokai, ku zauna ku yanke jerin da zaku bi tun kafin a raba kati, kamar dai yadda ake yi a wot, ana gama magana kan ko ana tare pik tu kafin a fara ba sai an ajiye ta ba. Wasu ma sun gaji da bin Konami gaba ɗaya sun tsaya a tsohon zamani, akwai masu buga Goat da jerin Afrilun 2005, akwai masu Edison na 2010, katunan da jerin duk a daskare suke ba mai taɓa su. Sai dai a Edison da Goat tsohuwar doka ake bi, mai farawa yana jan kati a zagayen farko, kuma tsohon rubutun katin ne ke aiki, don haka Sangan ɗinka na can ba irin na Master Duel bane, ku tabbatar kowa ya san da haka kafin rigima ta tashi a tsakiyar wasa.